Mastas ɗin zanen gine-gine rabi a intanet rabi a Amurka: in biya kafin alƙalami ko in haƙura?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa a wannan sana'a. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle.

Na gama B.Sc ɗin zanen gine-gine a 2017, na yi bautar ƙasa, tun daga nan nake aiki a wani ofis a Kaduna. Gidan zama, rukunin shaguna, islamiyya mai hawa biyu, duk ni ke fitar da fulan a manhajar zane ta Revit har zuwa jadawalin ƙofofi da tagogi. In an gama a kai teburin oga ya buga hatimi ya sa hannu, a wuce da shi KASUPDA, hukumar tsara birane ta Kaduna. Sunana ba ya ko'ina sai a ɗan akwatin da ke ƙasan takarda. Bara aka ɗauko wani yaro da na riga gama makaranta da nisa, amma shi yana da M.Sc. Yanzu shi ake turawa zama da masu aiki, shi ke magana da injiniya, ni kuma in zauna ina gyara masa matakalar da ta ƙi kaiwa dekin. Ba hassada ba ce wallahi, yaron yana da ladabi, Anti yake ce mini. Amma abin yana cin raina, har maigidana ya gaji da jin zancen.

To yanzu wata makaranta a Amurka ta ba ni gurbin M.Arch, wato mastas ɗin zanen gine-gine. Karatun ta intanet ne, sai dai kowane zango a je can a yi kamar mako guda a sitidiyo. Suna so in biya kafin alƙalami kafin ƙarshen wata. Yayana ya ce zai taimaka. Ba sai na bar aiki ba, ba sai na bar yara ba. Akwai wanda ya san yadda irin wannan karatu yake? Zan iya yin rajista da shi? In biya?

Dattijon Sitidiyo:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kin ba mu labarin yaron ofis dalla-dalla, amma ba ki faɗa mana abu uku da shawarar ta rataya a kansu ba: wace makaranta ce, kiredit (ma'aunin nauyin darussa) nawa suka ɗora miki, kuma rajistar wace ƙasa kike so.

In hatimin da oganki ke bugawa kike nema, na ARCON ne, hukumar yi wa akitek rajista a Najeriya da dokar 1969 ta kafa, kuma hanyarsa a bayyane take. B.Sc shekara 4, M.Sc shekara 2 a sashen da aka amince da shi, ko B.Tech da M.Tech a jami'o'in fasaha irin su Minna da Bauchi. Sannan shekara 2 na aiki ƙarƙashin akitek mai rajista kina cike littafin aiki, sannan jarrabawar ƙwarewa. Kina Kaduna, Zariya tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, kuma sashen ABU shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Me ya kai ki ƙetare teku? Ki nemi fom ki huta. Zanen gini ba a koyonsa ta waya.

Maman Ilham:

Na gode Yallaɓai. Sunan makarantar na fi so in bar shi tukuna. M.Sc na gida kuwa ai cikakken lokaci ne, sitidiyo da rana, kuma oga ba zai ba ni hutun shekara biyu ba. Ga yajin aiki. Wanda aka yi a 2022 daga Fabrairu har Oktoba aka kai.

Abu Safwan (Mishigan):

'Yar'uwa, irin wannan karatu gaskiya ne, ba damfara ba. Boston Architectural College na da M.Arch na intanet da ake zuwa Boston a yi 'yan kwanaki kowane zango. Lawrence Tech a nan Mishigan da Southern Illinois su ma suna da na intanet. Amma kafin ki tura ko dala ɗaya, ga abin dubawa.

Ki shiga shafin NAAB, hukumar da ke tantance digirin zanen gine-gine a Amurka, ki nemi sunan makarantar da sunan digirin. Digiri suke tantancewa, ba makaranta ba. Makaranta ɗaya tana iya ba da M.Arch da aka tantance, ta kuma ba da M.S. a fannin gine-gine wanda ba ya kai mutum ga lasisi. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, don na biyun ya fi gajarta ya fi araha.

Sai layin da suka sa ki. Akwai na wanda ya karanta zanen gini a digirin farko, kimanin shekara 2, akwai na wanda ya fito daga wani fanni, shekara 3 zuwa 3 da rabi. B.Sc ɗinki ba ya sa ki a gajeren layi kai tsaye. Ƙa'idar NAAB ita ce jimillar kiredit 168 tsakanin digirin farko da na biyu, aƙalla 30 a matakin mastas, kuma makaranta ce ke duba abin da kika riga kika yi darasi-darasi. Za su nemi takardar sakamakonki ta bi ta WES, mai auna takardun karatun waje, ko makamanciyarta, kuma jami'arki ce za ta aika, ba ke ba. Ki haɗa da bayanin kowane darasi daga littafin sashenku: sitrokca, tarihin gine-gine, kayan gini, ruwa da lantarki. Duk darasin da ba ki kawo hujjarsa ba za ki maimaita shi, kuma ki biya. Takardar gurbin da ba ta faɗi adadin kiredit ba, ba ta faɗa miki kuɗin karatun ba ke nan.

Lissafi mai sauƙi: in kiredit ɗaya dala 1,000 ne aka ɗora miki 60, dala 60,000 ke nan. A canjin 1,500 naira miliyan 90, ban da jirgi da masauki sau biyu a shekara. In sun ce 90, ki ƙara rabin wannan. Yayan naki ya ga wannan lambar?

Dattijon Sitidiyo:

Miliyan 90! Kun ji ko. Da wannan kuɗin sai ta yi M.Sc, ta buɗe ofis, ta sayi injin buga A1, ta ɗauki ma'aikata, canji ya rage. Kuma a ƙarshe ko ta gama, takardar waje ce. Sai ta kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance, sannan ARCON ta duba ta yanke nata hukuncin. Ba wanda ke cikin nan da zai iya yi miki alkawari a madadinsu.

Abu Safwan (Mishigan):

Nan kam Baba ya yi gaskiya. Ki rubuta wa ARCON wasiƙa a Abuja, ki sa sunan makarantar, sunan digirin, jerin darussa, ki faɗa ƙarara cewa kaso kaza ta intanet ne kaso kaza a aji. Ki nemi amsa a rubuce. Amsar baki daga wani da ya san wani ba ta shiga fayil. Wasu za su ce miki ai akwai yarjejeniyar Kanbera ta 2008 da NAAB ta sa wa hannu tare da ƙungiyar akitek ta ƙasashen Kwamanwel. Tana nan, amma magana ce kan daidaiton tantance karatu, ba ta tilasta wa kowace hukuma ta yi wa kowa rajista.

In kuma lasisin Amurka ne burinki, digirin kashi ɗaya ne cikin uku. Akwai awa 3,740 na aiki da ake rubutawa a tsarin AXP na NCARB, majalisar hukumomin lasisin akitek na Amurka, kuma kusan rabinsu dole a ƙarƙashin akitek mai lasisin Amurka ko Kanada. Aikin da kike yi wa oganki a Kaduna zai iya cike ɗaya rabin ne kawai. Sai jarrabawar lasisi ta ARE mai kashi 6. Lasisin kuma jiha ce ke bayarwa, kuma ba ya buga hatimi a Kaduna.

Na Sabon Gari:

Ni fa duk wannan zancen hatimi dariya yake ba ni. Ku zagaya unguwannin da ake sabbin gine-gine ku tambaya wa ya zana. Yaro ne mai AutoCAD a shagon buga takardu, an ba shi dubu talatin, ya kwafo fulan wani ya juya shi, banɗaki ya kalli alƙibla, ɗakin kwana ba taga ta biyu. Sannan a sami mai rajista ya buga hatimi a kan abin da ko buɗewa bai yi ba, ya karɓi nasa. Mai gini in ka ce masa kuɗin zane kaza ne sai ya ce ai takarda ce kawai, amma zai biya birkila ba gardama. Ko daga Amurka kika kawo digiri haka za ki tarar da kasuwar.

Ummu Aiman:

Yallaɓai Dattijo, da girmanka, shekara 2 ɗin nan a takarda take. Darussa da sitidiyo suna ƙarewa a kan lokaci, rubutun bincike ne ke riƙe mutane. Babi ya kwana wata da watanni a teburin mai duba aiki, ranar kare aiki a ɗaga, mai jarrabawa na waje bai samu zuwa ba, a sake biyan kuɗin zango. Mace mai aure da yara ita ta fi shan wahalar wannan, don ba za ta iya zaman jiran malami a baranda daga safe zuwa yamma ba. Maman Ilham ba gudun karatu take ba. A can aƙalla in an ce ranar kaza za a miƙa, ranar ce.

Dattijon Sitidiyo:

Wanda ya bi aikinsa yana gamawa. Kuma ku bar ganin sitidiyo kamar wurin karɓar maki. Abin da ake koya a can rabinsa daga teburin maƙwabcinka ne. Ka ga yadda ya warware kwanar rufi, malami ya tsaya a kanka ya ɗora takarda mai shara-shara a kan fulan ɗinka ya ja layi uku ka ga kuskurenka. A juri, wato ranar gabatar da aiki, a liƙa aikinka a bango, mutum biyar su tsaya su yi masa filla-filla kana tsaye. Wannan ne ke sa gobe ka iya tsayawa gaban mai aiki da injiniya. A Zoom kowa ya kashe kyamara.

Abu Safwan (Mishigan):

Ba a kashe kyamara a sitidiyo, Baba. Ana liƙa aiki a allon intanet na Miro, kowa na ganin na kowa, malami yana zana gyara a kan fulan ɗinka kana kallo, kuma ana ajiye bidiyon ka sake saurara. Juri ma ana gayyato masu ofis daga garuruwa daban-daban. Abin da ke ɓacewa shi ne hirar tsakar dare da abokan aji da kuma wurin aikin katako, shi ya sa suke tara mutane mako guda.

Matsalar da ta fi wannan ita ce agogo. Yawancin ɗaliban ma'aikata ne, don haka darasin kai tsaye da yamma ake sa shi. Ƙarfe 6 zuwa 9 na yamma a Boston ko Detroit, a Kaduna sha ɗayan dare ne zuwa 2, daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Daga Nuwamba zuwa Maris in sun mayar da agogonsu baya, sha biyun dare ne zuwa 3. In makarantar a Kalifoniya take, ki ƙara awa 3, sai ki idar da darasi a kira asalatu. Kuma ƙa'idar kiredit ɗaya ita ce awa ɗaya a aji da awa biyu na aikin gida kowane mako, tsawon mako 15. Sitidiyo mai kiredit 6 da darasi ɗaya mai 3 awa 27 ke nan a mako, sitidiyo kuwa kullum yana cin fiye da rabonsa. Ki ɗora wannan a kan aikin ofis.

Sai biza, wadda ba ki ambata ba sam. Bizar ɗalibi ta F-1 darasin intanet ɗaya kawai, ko kiredit 3, take ƙirgawa cikin cikakken karatun zango, don haka ba kowace makaranta ke iya ba ɗalibin irin wannan tsari takardar I-20 da ake neman bizar da ita ba. Bizar ziyara kuma ba a yin karatun da ake ba da kiredit da ita. Ki tambayi ofishinsu na ɗaliban waje a rubuce: da wace biza zan shigo makon sitidiyo, kuma in ban samu ba me zai faru da zangon? A Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar da ake ba 'yan Najeriya ta wata 3, shiga ɗaya. Ma'ana a waccan ƙa'idar kusan kowane zango sabon nema, sabuwar dala 185, sabon jiran ranar ganawa a Abuja ko Legas.

Maman Ilham:

Dare ba ya ba ni tsoro, ai a makaranta ma kwana muke a sitidiyo. Yara sun yi barci, gida shiru, ya fi mini ma. Maganar biza kuma wadda muke waya da ita a ofishin ɗaukar ɗalibai ta ce suna da ɗalibai daga ƙasashe da yawa.

Abu Safwan (Mishigan):

Ofishin ɗaukar ɗalibai daban, ofishin biza daban. “Muna da ɗalibai daga ƙasashe da yawa” ba amsar tambayar ba ce.

Injiniya Mai Sola:

Hajiya, ni ɓangaren wuta zan taɓa, don shi ke kayar da mutane a tsakiyar gabatar da aiki. Kwamfutar da za ta ɗauki Revit da Rhino da Enscape tana son Windows, RAM 32GB, katin hoto mai 8GB, don Revit ba ya hawa Mac kai tsaye. Irin wannan in tana fitar da hoto tana jan wat 200. Ƙara allo na biyu 40, rauta 15, fanka da ƙwai 60, kin kai wat 300 da ɗoriya. Awa 5 a dare, 1.5kWh ke nan. Batir mai 12V 200Ah a takarda 2.4kWh ne, amma in na ruwa ne rabinsa kawai ake sha, in kin zuƙe shi ƙasa da haka kullum ba zai daɗe ba. Don haka ko biyu, ko litiyom ɗaya mai 2.5kWh, da inbata 1.5kVA mai tsabtatacciyar wuta. Kada ki haɗa firji a layin. Kuma kada ki dogara da batirin kwamfutar, da an zare caji katin hoto yake rage gudu, samfurinki ya riƙa tsalle a gaban juri.

Data kuma ki lissafa kusan 1GB a awa in kyamara na kunne, ban da ɗora fayil. Saurin aikawa ya fi saurin saukewa muhimmanci tunda ke ce mai nuna allo. Layi biyu na kamfani daban-daban, ɗaya a rauta ɗaya a waya, kuma ki gwada su da ƙarfe ɗayan dare a ɗakin da za ki zauna, ba a tsakar gida da rana ba. Manhajojin Autodesk kyauta ne ga ɗalibi, ana sabuntawa duk shekara, Rhino da Adobe ne za ki saya a farashin ɗalibai.

Ummu Aiman:

Samfurin hannu ma ba matsala ba ne. Kwali mai kauri da UHU suna nan, kuma masu yin allon talla suna da injin yanka na leza, suna yanka MDF mai 3mm in kin kai musu fayil ɗin DXF. Ki tsara shi yadda zai warwatse ya kwanta a akwati, ki haɗa a can. Hoto kuma farin bango, fitila ɗaya daga gefe.

Dattijon Sitidiyo:

To a ce wuta ta zauna, biza ta fito. Me za a koya mata? Ƙafa da inci. Sikelin kwata inci a ƙafa ɗaya, wato 1:48, a maimakon 1:50. Bangon katako da ake jera sanduna duk inci 16, da audugar hana sanyi, da lissafin nauyin ƙanƙara a kan rufi. Dokar gini ta IBC da dokar masu buƙata ta musamman ta ADA. Ta dawo Kaduna inda aikin bulo mai inci 9 ne da dekin 150mm da rodi Y12, inda abin da ke kashe gini shi ne zafin rana a bangon yamma da ruwan Agusta da ke bin bayan farafet. Jarrabawar ƙwarewa ta nan kuma kan kwangilar nan da dokar nan za a tambaye ta.

Abu Safwan (Mishigan):

Wannan rabin gaskiya ne. Darussan doka da haɗa gini na Amurka ne, ba makawa, kuma sitidiyon da ake haɗa sitrokca da hanyar tsira daga gobara da iska a gini ɗaya shi ne ya fi wahalar da wanda ya saba da mita. Amma gangaren keken guragu 1:12 da faɗin ƙofar tsira ba su san ƙasa ba, kuma a aikin ƙarshe yawanci ɗalibi ke zaɓar filinsa. Tana iya ɗaukar fili a Kaduna ta yi aiki kan zaure da tsakar gida da tubalin ƙasa. Ni dai ban ce ta je ba, ban ce kada ta je ba. Amsa uku a rubuce nake so ta samu: adadin kiredit, biza, ARCON. Ta kuma nemi a ɗage mata gurbin zuwa zango na gaba, makarantu da yawa suna yarda.

Dattijon Sitidiyo:

Ni na ce kada ta je. Fom ɗin M.Sc, ki zauna da oganki ki nemi kwana biyu a mako ko da za a rage albashi. Ofis da yawa suna yi, don su ma suna son mai rajista na biyu.

Maman Ilham:

Yallaɓai ba ka san ogana ba ne. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, kiredit ɗin ba su rubuta ba, sun ce sai bayan an duba sakamakona, kuma jami'armu ba ta aika ba tukuna. Amma kafin alƙalamin ba shi da yawa, kuma in ban biya ba gurbin zai tafi. Ina ganin in biya ɗin, sauran in bi su a hankali. Yaya ma ya ce kada in tsaya jin maganar mutane.

Abu Safwan (Mishigan):

Ana mayar da shi in biza ta ƙi? Kuma kin duba sunan digirin a shafin NAAB ɗin?

Na Sabon Gari:

Injiniya, litiyom ɗin nan mai 2.5 nawa yake yanzu a Kano? Nawa na ruwa sun mutu.